Jinjina ga Masu Renon Gawo

Bayan farin 1984, manoman Maradi da Damagaram suka daina tumɓuke kututture a gona. Sukan zaɓi toho mai ƙarfi, su sassabe sauran, su rene shi. Yau kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar.

Cikin itatuwan da aka rena, gawo ne gwarzon. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya samu rana da taki. Da rani ya yi inuwa, awaki su ci 'ya'yansa.

A Matamaye da Magariya aikin na iyali ne: uba na sassabe, yara na koyo, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itace. Ƙarƙashin gawo ake shimfiɗa buzu a yi azahar, dattawa kuwa na lissafa shi cikin sadaka mai gudana, tunda har tsuntsu yana amfana.