Maƙwabtaka a Ƙamus Ba Zumunta Ba Ce: Tsokaci a Kan Asalin Wasu Kalmomi Uku na Ingilishi da Takwarorinsu na Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe ƙamusun Ingilishi a babin harafin "b" zai tarar da wasu kalmomi uku sun jeru kusa da juna, wato "bracken" da "bracket" da "brackish". Haruffansu biyar na farko iri ɗaya ne. Ta farko sunan wani tsiro ce, ta biyu sunan abin da ake tokare wani abu da shi, ta uku kuwa sifa ce ta ruwan da ke da ɗanɗanon gishiri. Malamin da ke koyar da Ingilishi ko fassara a makarantun Kankiya da Kusada ba zai rasa ɗalibin da zai yi masa tambayoyi biyu a kansu ba: shin saiwarsu ɗaya ce, kuma mene ne sunan kowace da Hausa?

Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta auna su da abin da Bahaushen wannan yanki yake da shi a bakinsa, sannan ta yi sharhi a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a nazarin asalin kalmomi, wato yanke hukunci da kamancin sauti kawai.

2.0 Asalin Kalmomin Uku

2.1 "Bracken". Wannan sunan wani tsiro ne mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai dai ya yaɗu ta saiwarsa da kuma wani gari mai laushi da ke fita a bayan ganyensa. Kalmar ta bayyana a rubuce-rubucen arewacin Ingila tun wajen ƙarni na 14. Masana sun fi karkata ga cewa daga harsunan arewacin Turai ta shigo, domin har yau ana kiran irin wannan tsiro "bräken" a harshen Suwidin, "bregne" a harshen Denmak. Tarihi ya goyi bayan wannan ra'ayi, saboda mutanen waɗannan ƙasashe sun zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9.

2.2 "Bracket". Wannan ta shigo Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, kuma da farko "bragget" ake rubuta ta. Tushenta kalmar Faransanci ce, "braguette", sunan wani ƙyalle da ke turowa a gaban wandon maza na wancan zamani. Ita kuma ta samo asali daga "bracae" ta Latin, wato wando, wadda Rumawa suka aro daga mutanen Gol, tsofaffin mazauna ƙasar Faransa. Magina suka ɗauki kalmar suka sanya wa itace ko dutsen da ke turowa daga bango don ya tallafi wani abu. A ƙarni na 18 masu ɗab'i suka ga alamar da suke killace magana da ita ta yi kama da wannan matokari, sai suka ba ta sunansa. Ke nan kalmar ta taso daga hannun maɗinka, ta bi ta hannun magina, ta sauka a maɗaba'a.

2.3 "Brackish". Ita ma 'yar ƙarni na 16 ce, amma daga harshen Holan ta fito, inda "brak" ke nufin ruwa mai ɗan gishiri. Ingilishi ya ƙara mata ɗafa-ƙeyar "-ish", wadda ke rage ƙarfin sifa kamar yadda Hausa ke yi da ninki a "fari-fari" ko "gishiri-gishiri". Ba abin mamaki ba ne kalmar ta fito daga Holan, ƙasar da koguna ke haɗuwa da teku. A ma'aunin masana kimiyyar ruwa, litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, shi kuwa wannan ruwa yana tsakanin rabin giram da giram 30.

Abin da ya fito fili shi ne, kalmomin uku daga gidaje uku suka fito, a lokuta daban-daban, ta hannun mutane daban-daban. Jerin abacada ne kaɗai ya haɗa su zama a shafi guda.

3.0 Takwarorinsu a Ƙasar Kankiya da Kusada

Kankiya na kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma maƙwabciyarta ce ta wajen iyakar Jihar Kano. Saboda haka yanki ne da Katsinanci da Kananci ke cuɗanya, wuri mai amfani ga mai neman kalmomi. Idan aka kawo kalmomin nan uku wannan yanki, kowace da irin tarbar da za ta samu.

3.1 Tsiron da ake kira "bracken" yana son sanyi da laima. A Nijeriya ana samun sa da yawa a tsaunuka irin na Mambila. Ƙasar Kankiya da Kusada kuwa ƙasar gawo ce da kuka da ɗorawa, mai gajeriyar damina da dogon rani. Manomin nan bai san tsiron ba, don haka bai raɗa masa suna ba. Abin da ya fi kusa shi ne "agugu", wanda J. M. Dalziel ya kawo a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, a matsayin saiwar wani tsiro na wannan dangi da ake shigowa da ita daga wajen ƙasar Hausa don maganin tsila. A lura, wannan suna ne na magani a kasuwa. Wanda ya san agugu a buhun mai magani bai san ganyensa a daji ba. Mai fassarar da ya ɗora "agugu" a kan "bracken" kai tsaye ya ba ɗalibi kalma, amma bai ba shi hoton abin ba. Wanda ya ce "ciyawa" kuwa ya fi shi nisa da gaskiya. A irin wannan wuri, bayani na jimla guda ya fi kalma guda amfani.

3.2 A wajen "brackish" abin ya sha bamban, domin Hausa na da kalmarta tsaf, wato "zartsi". Duk mai haƙar rijiya ya san ruwan zartsi: ba ya daɗin sha, ba ya kashe ƙishirwa yadda ya kamata. To amma ko a nan akwai abin lura. Baturen Holan na nufin ruwan kogi da ya gauraya da na teku, irin wanda ke cikin tafkin Legas. Bahaushe kuwa ruwan rijiya yake nufi, wanda ya ɗebo ɗanɗanonsa daga kanwa da sauran ma'adinan ƙasa. Ɗanɗanon ya yi kusa, dalilin ya bambanta. Ban da wannan, Hausa ta fi Ingilishi wadatar kalmomi a wannan fage, saboda daɗewarta a fataucin gishiri: akwai manda, da kantu, da beza, da balma, ga kuma kanwa da ire-irenta. Daga cikinsu "balma" misali ce ta asalin da ke da hujja, domin sunan garin Bilma ne na Jamhuriyar Nijar, inda ayarin raƙuma ke ɗauko gishirin zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. A nan sauti ya dace, ma'ana ta dace, tarihin ciniki kuma ya shaida.

3.3 Kalmar "bracket" ita ce ta fi ban sha'awa. Ta fuskar tokara, magini da kafinta na da kalmomi da yawa, kowace da aikinta. Ginshiƙi na ɗauke rufin soro. Dirka na ɗauke rumfa. Gwafa itace ce mai baki biyu da ake tokare abu da ita. Azara kuwa, wadda ake tsagowa daga giginya, ita ake jerawa a yi rufi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta yi daidai da ƙaramin ƙarfen nan da ake kafawa a bango ya tallafi kanta, amma kowace na iya zama fassara a muhallin da ya dace da ita.

Ta fuskar rubutu kuwa, alamar da Ingilishi ke kira "bracket" Hausa na kiran ta "baka biyu". A nan ne tarkon yake. Ɗalibin da ya saba jin "kanta" da "bokiti" da "tebur" daga Ingilishi suka zo yana iya zaton "baka" ma gurɓatacciyar "bracket" ce. Tsarin sautin kalmomin aro ya ƙaryata wannan zato. Idan Hausa ta aro kalmar da ta fara da "br", tana raba baƙaƙen biyu da wasali, ba ta zubar da "r", kamar a "birki" da "buroshi". Idan kuma kalmar ta ƙare da "-et", Hausa na mayar da ita "-iti", kamar a "bokiti" da "tikiti". Babu hanyar da waɗannan ƙa'idoji za su haifar da "baka". Kalmar ta gida ce, bakan maharbi ne, an kuwa ba alamar sunansa saboda lanƙwasarta.

Wannan baka ɗin dai shi ne a "bakan gizo", sunan da ake kiran abin da ke fitowa a sama bayan ruwa, kuma sunan da magina suka ba lanƙwasasshen ginin azara da ke ɗauke rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ƙware a kai a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ashe harsunan biyu sun bi hanyoyi masu kama da juna, ba tare da ɗaya ya aro daga ɗaya ba: kowanne ya sami kalma guda da ke aiki a wurin magina da wurin marubuta. Sai dai a kiyaye, "baka" ta "adabin baka" wata kalma ce dabam, daga "baki" ta fito. Ta maharbi na da karin sautin ƙasa-sama da dogon wasali a ƙarshe, ta adabi kuwa sama-ƙasa da gajeren wasali. Rubutun yau da kullum ne ya ɓoye bambancin.

4.0 Sharhi

Babu Bahaushen da zai ce "gishiri" da "ginshiƙi" da "giginya" 'yan gida ɗaya ne don sun fara da "gi" kuma suna maƙwabtaka a ƙamus. Kunnensa ya ishe shi hana wannan kuskure. Amma da zarar an sa harshe na biyu a ciki, sai a saki ƙa'ida a kama kamanci. Da haka aka daɗe ana maimaita cewa "boko" daga "book" ta fito, har maganar ta shiga littattafai da jaridun duniya. A 2013 Paul Newman ya nuna rashin ingancin wannan da irin hujjar da aka kawo a sama. Wasalin da ke cikin "book" yakan zama "u" a Hausa, kamar yadda "cook" ta zama "kuku". Kuma kalmar na da tsohuwar ma'anarta ta abin da ba na gaske ba, kamar a "amaryar boko". Haka nan labarin da ke cewa sunan "Hausa" daga "hau sa" ya fito: abin nazari ne a fagen adabin baka, amma ba hujja ba ce a kimiyyar harshe.

Illar wannan ɗabi'a ba ƙarama ba ce. Abin da aka rubuta a kundin digiri shi malami zai ɗauka ya kai aji, abin da aka faɗa a aji kuma shi zai dawo a matsayin "abin da kowa ya sani". Nazarin sunayen garuruwa ya fi kowane fage shan wannan wahala, domin da wuya a sami gari wanda ba a ƙaga wa sunansa labari ba.

Wani ɓangare na laifin yana ga kayan aikin da ke hannun manazarta. Mai neman asalin "bracket" yana da babban ƙamusun Okusfod, wanda aka fara fitar da shi a 1884 aka kammala a 1928, kuma ya kawo kowace kalma da shekarar da aka fara ganin ta a rubuce. Hausa na da ƙamusoshi masu daraja. Na G. P. Bargery na 1934 yakan nuna kalmar da aka aro daga Larabci ko Ingilishi, yakan kuma yi wa kalmomin Katsina da Sakkwato alama. Akwai na R. C. Abraham na 1949, da na Roxana Ma Newman na Ingilishi zuwa Hausa na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Neil Skinner ya yi ƙoƙarin kwatanta kalmomin Hausa da na harsuna dangi a ƙamusunsa na 1996, Joseph Greenberg kuma tun a 1960 ya nuna yadda "karatu" da "rubutu" da "kasuwa" suka shigo ta hannun Barebari. Duk da haka, ba a kai ga ƙamusun da ke bin kowace kalma da tarihin bayyanarta a rubuce ba, alhali ga waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 da sauran rubuce-rubuce da za a iya dogara da su.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da sharuɗɗa uku da ya kamata a cika kafin a ce wata kalma daga wata ta fito. Na farko, canjin sautin ya bi ƙa'idar da aka gani a wasu kalmomi. Na biyu, a iya nuna yadda ma'ana ta tashi daga wannan ta koma waccan. Na uku, tarihi ya nuna hanyar da masu harsunan biyu suka haɗu. "Balma" ta cika ukun. "Baka" daga "bracket" da "boko" daga "book" sun faɗi tun a na farko.

Ga ɗaliban da ke neman abin bincike, akwai aiki a ƙasar Kankiya da Kusada. Masu haƙar rijiya na da kalmomin da suke bambanta ruwa da ruwa, magina na da sunan kowace azara gwargwadon inda ta kwanta, masu magani kuma na da sunayen saiwoyin da ake kawo musu daga nesa. Bulo da kwano na maye gurbin ginin ƙasa, rijiyar burtsatse na maye gurbin ta guga, kalmomin kuma na tafiya tare da masu sana'ar. Wanda ya tattara su da karin sautinsu, da sunan garin da ya ji su, da shekarar da ya ji su, ya ajiye wa ƙamusun tarihin Hausa tubalin da za a yi gini da shi.