Jinka a Tudu, Inuwa a Kwari: Kamannin Gida Daga Ngawundere Zuwa Garwa

Wanda ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde, babban birnin Kamaru, ya sauka Ngawundere da hantsi, abu biyu ne za su fara tarbarsa: sanyi da jar ƙasa. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,000 daga matakin teku, kuma daminarsa takan kai wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. In ya shiga mota ya yi arewa, ya gangara ta dutsen da ke wajen garin Mbe, kafin ya ci kilomita 280 ya isa Garwa a bakin kogin Binuwai, ya riga ya tuɓe rigar sanyinsa yana neman mafici. A can, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40. Tafiyar rabin yini ce ta raba garuruwan nan biyu, dukansu Fulani ne suka yi sarautarsu a ƙarƙashin Yola, dukansu da Hausawa zaunannu tun kaka da kakanni. Amma wanda ya san gini, ko da an rufe masa ido an ajiye shi a tsakar wani tsohon gida, yana buɗewa zai faɗi a wane ɓangaren gangaren yake.

Tsarin gidan ɗaya ne, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinsa. Abin da Fulani suke kira sare shi ne gidanmu mai katanga ko danga; jawleru shi ne zaure; daga shi sai farfajiya, sai wani zauren in mai gida yana da hali, sannan cikin gida inda mata suke. A da, in ana so a san nauyin mutum, zaurukansa ake ƙirgawa. Talaka yana da ɗaya, ko ma zana ce kawai aka karkata ta kare ido. Attajiri yana da biyu ko uku. A gidan lamido kuwa sai ka wuce zaure bayan zaure, kowanne da masu zamansa, kana rage takalmi da murya har ka isa.

Inda garuruwan biyu suka rabu shi ne sama. A Ngawundere ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,500, don haka rufi shi ne gida. Soron ƙasa irin na Kano ko Katsina, mai azara da indararo, ba ya jure irin wannan ruwan; damina biyu ko uku zai fara yoyo, daga nan sai azara ta ruɓe. Hausawan da fataucin goro da tufafi ya kai su can sun zo da saninsu na tubali da yaɓe, amma tilas suka ɗora jinka a kai kamar yadda suka tarar. Su kuwa waɗanda suka fi kowa iya jinkar su ne Mbum, mutanen da Arɗo Njobdi ya samu a wurin lokacin da ya kafa mulkin Fulani a shekarun 1830. Sunan garin ma da harshensu ne: dutsen cibiya, saboda ƙaton dutsen da ke zaune a kan tsaunin da ke kallon garin.

Duk mai son ganin iyakar gwanintar nan ya je fadar lamido. Zaurukanta na ƙasa ne, da ginshiƙai masu kauri waɗanda aka yi wa zane mai tudu aka shafa launi, amma idonka ba zai daɗe a bango ba, jinkar ce za ta ɗauke shi. Tana tashi da tsini, ta sauko da faɗi har ta kusa taɓa ƙasa, ta yadda ruwa komai ƙarfinsa da iskarsa ba ya samun bango. Ciyawar an jera ta hawa-hawa, an datse bakinta daidai kamar gemun da wanzami ya gama da shi. Ciki da duhu-duhu da ɗumi, abin da ake bukata a garin da safiyar Disamba take sa mutum jin wuta. Na sha tsayawa a gabanta ina tunanin cewa wannan ginin bai ari komai daga ko'ina ba. Ciyawar tudun Adamawa ce, da ƙasar wurin, da hannun mutanen wurin. Sai dai gaskiya ɗaya ba ta ɓoyuwa: kyan nan ya tsaya ne a kan aikin bayi da barori masu yawa, waɗanda suke yankan ciyawa, su ɗauko, su sabunta rufin lokaci bayan lokaci. Da wannan tsarin ya kau, jinka ta zama abin da ba kowa ke iya riƙewa ba. Ga gobara, ga gara. Shi ya sa da jirgin ƙasa ya iso garin a 1974, kwano da siminti suka samu hanya, mutane ba su yi wata-wata ba. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

A Garwa abin da ake gudu rana ce, don haka dukiyar gida ita ce inuwa. Ɗaki wurin ajiyar kaya ne da kwanan damina. Rayuwa tana tsakar gida, ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ta zama kamar 'yar gida a Garwa da garin Marwa da ke gaba da ita ta arewa, musamman bayan farin shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, wanda aka sake farfaɗo da shi a 2008. Titunan Marwa da darbejiya ta rufe ta ɓangare biyu sun isa shaida. A cikin gida kuwa, mai gida yakan san wace bishiya ce take ba da inuwar hantsi, wacce take ba da ta la'asar, kuma tabarma tana bin inuwar ne tana zagayawa.

Ƙasan tsakar gidan ma da nata ado. A gidajen Fulanin Garwa da Marwa ana zuba yashi mai tsabta, wanda ake ɗebowa daga mayo, wato rafukan nan da suke ƙafewa da rani, a baje shi har cikin ɗaki da zaure. Da asuba a share, da yamma a sake sharewa, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, iska ta ɗan yi sanyi. Matar da ta iya shara takan bar sawun tsintsiya a jere kamar zanen ƙwarya, har baƙo ya ji nauyin takawa. In salla ta gabato, ko za a kawo amarya, sai a zubo sabon yashi. Ba a barin ko tsinken ciyawa, kuma da dalili: fili tas ba ya ɓoye maciji ko kunama, duk abin da ya ratsa da dare za a ga sawunsa da safe. Shuke-shuke suna can gefe, wajen da ruwan wanke-wanke yake gangarawa: zogale, lalle, yakuwa da ake kira folere, kuɓewa, lalo, da tafasa. Lambun miya ne, amma wanda ya ga yakuwa ta yi ja a jikin zana ya san ado ne kuma.

Wannan tsabtar ta yashi ba ta yiwuwa haka a Ngawundere. Ƙasar ja ce mai danƙo, in ta jiƙe ta bi ƙafa har gado, in ta bushe ta rina bango da bakin riga. Ciyawa kuwa kana nomewa tana biyo ka. Saboda haka kula da gida a tudu aikin adda ne da fartanya, da gyaran magudanar ruwa, da kankare gansakuka daga gindin katanga, da sake yaɓe bayan kowace damina. Ladan wahalar shi ne duk abin da ka dasa sai ya kama: mangwaro, fiya, gwaiba, gwanda, ayaba, ga itacen turare dogaye a bakin hanya. Furanni da shingen ganye da ake askewa sun fi yawa a unguwannin ma'aikata da wajen 'yan mishan na Norwe, waɗanda suke garin tun shekarun 1920 har wata unguwa ta ɗauki sunansu, daga nan ne al'adar ta yaɗu zuwa gidajen 'yan boko.

Gidan alfarma na zamani ya shigo ta hannun gwamnati da 'yan kasuwa. Garwa ta ci moriyar ɗanta Ahmadu Ahijo, wanda ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982: tituna, filin jirgin sama, manyan gidajen unguwar Filato, ga kuɗin auduga. A Ngawundere kuwa ba a maganar babban gida ba a ambaci na Alhaji Muhammadu Abbo ba, attajirin da ya yi ƙarfi a sufuri da shanu da masara, wanda ya rasu a 2023. Ya gina katafaren gida a bayan gari, ya ɗauko masu sana'a daga Turai, aikin ya ɗauki shekaru. Lisbet Holtedahl, masaniyar al'adu daga Norwe, ta bi ginin da kyamara fiye da shekara goma ta fitar da fim mai suna Le Château. Ita ce kuma tun da farko ta yi fim a kan Lamido Isa Maigari na Ngawundere da nauyin sarautarsa. In aka jera finafinan biyu, ana ganin yadda girma ya tashi daga gidan jinka ya koma gidan marmara a cikin gari ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk da kayan Turai, aikin da gidan attajirin yake yi na fada ne: wurin karɓar baƙi, da masu gaisuwa, da masu neman taimako. Zauren ya sauya tufafi, bai bar aikinsa ba.

Damuwata tana kan waɗanda suka biyo baya, masu matsakaicin hali da suke kwaikwayon manya. Yau gidan da za ka gani a unguwannin Ngawundere irin su Baladji ko Bamyanga shi za ka gani a Garwa, shi ne kuma a Abuja da Duwala: bene, dogon rufin kwano mai launi, ginshiƙan siminti a ƙofa, tagogin gilashi masu faɗi, katanga da waya a kai, tsakar gida an shafe ta da tayil ko bulon daɓe daga bango zuwa bango. Tudu yana yi wa wannan salon afuwa. Dogon rufi ya dace da ruwan Ngawundere, gilashi yana shigo da hasken da ake so, ciyawar ado tana rayuwa ba tare da an shayar da ita ba fiye da rabin shekara. Illarsa a can ita ce ruwan da ƙasa ta saba shanyewa yanzu yana fita ta ƙarƙashin ƙofa da gudu, ya zaizaye layi, ya shiga gidan maƙwabcin da ke gangare.

Kwari kuwa ba ya afuwa. Na taɓa yini a wani sabon gida a Garwa cikin watan Afrilu. An sare darbejiya biyu don mota ta samu wurin juyawa, kuma don ganye yana ɓata tayil. Da azahar daɓen ya yi zafin da yaro ba zai taka ba takalmi ba, bangon bulo ya sha rana yana amayar da ita har tsakar dare. Gidan duka ya dogara ga na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta dogara ga wutar madatsar Lagdo, wadda takan yi ƙaranci daidai lokacin da ruwan tafkin ya ja baya, wato lokacin da aka fi bukatarta. Da aka ɗauke wuta wajen la'asar, sai ga mai gidan, mutumin kirki mai karamci, ya sa an ɗauko tabarmi. Muka fita ta ƙofar ƙarfen, muka tsallaka layi, muka shimfiɗa a gindin darbejiyar maƙwabcinsa, wani dattijo mai gidan ƙasa, wanda ya matsa mana ya aika a kawo ruwan randa.