Takardar SAFE: Babu Kuɗin Ruwa a Cikinta, Amma a Duba Ranar Rabo

Samarinmu na Aboabo da Asawase da suka koyi aikin kwamfuta sun fara kafa ƙananan kamfanoni, kuma neman jari ya zama hirarsu. Suna da abin koyi a garin nan. Farmerline, wanda tsofaffin ɗaliban KNUST biyu suka kafa a 2013 domin hidimar manoma, ya tara dala miliyan 12.9 a 2022, kusan rabi hannun jari, rabi bashi. To amma ƙaramin kamfani ba daga nan yake farawa ba. Sau da yawa abin da ake fara miƙa masa gajeriyar takarda ce mai suna SAFE, wadda Y Combinator ta Amurka ta fito da ita a 2013. Yara suna cewa halal ce tsantsa tunda ba ruwa a ciki. Ita zan auna.

A ba ta haƙƙinta tukuna. Mai kuɗi ya ba ka jari yau, kai ka yi alkawarin ba shi hannun jari nan gaba, ranar da manyan masu zuba jari suka shigo suka yi wa kamfanin kima. Ba ruwa da yake hauhawa, ba ranar biya. In kamfani ya mutu bai bar komai ba, kuɗinsa sun tafi, ba zai bi ka gida ba. Ta nan ta fi takardar da aka saba da ita kafinta, wadda bashi ne mai ruwa da yake rikiɗa ya zama hannun jari. Waccan ba ta buƙatar dogon bayani.

Aibi na farko mai sauƙi ne. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ƙiradi, mai dukiya ya ba ɗan kasuwa jari, kason kowa a riba sananne tun farko, rabi ko sulusi. A SAFE kuwa, in rangwame kawai aka rubuta, ba wanda ya san kason mai kuɗi sai wata rana da ba a sani ba. Wannan jahiltar abin saye ne. Gyaran da suka yi a 2018 ya rage matsalar: in an sa iyakar kima sidi miliyan 1, ya zuba 100,000, to kashi 10 cikin ɗari ne mafi ƙarancin abin da ya saya.

Aibi na biyu shi ne mai nauyi, kuma yana wurin da yara ba sa karantawa. Takardar ta ce in aka sayar da kamfani, mai SAFE zai zaɓi wanda ya fi yawa, kuɗinsa cif ko kasonsa, kuma yana gaban masu kafa kamfani a layi. Mu lissafa. Kasuwa ta juya, an sayar da kamfanin nan a sidi 150,000. Da tarayya ce ta gaskiya, nasa 15,000. Da wannan sharaɗi sai ya kwashe 100,000, ku masu kashi 90 ku raba 50,000. Ranar riba abokin tarayya ne, ranar asara ya koma kamar mai bin bashi. Ƙa'idar tarayya kuwa, asara tana bin gwargwadon rabon kowa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana hannun jarin da yake fifita wani a lokacin rushe kamfani ko rabon riba, ta halatta fifiko a sha'anin gudanarwa kawai.

Wani ɗalibi mai kaifi zai ce: Malam, ai a ƙiradi ma sai an mayar da uwar kuɗi kafin a raba riba. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a ƙiradi ɗan kasuwa bai mallaki ko kobo a jarin ba, guminsa kaɗai ya sa. Ku kuwa kun zuba ajiyarku da ta iyayenku, kun gina manhaja, an yi mata kima, a kan kimar nan aka yanka masa kashi 10. Ba zai yiwu a kira ku masu dukiya ranar shiga, a kira ku 'yan aiki ranar fita ba.

Saboda haka ni a ganina kada a sa hannu a kanta yadda take. A nemi a rubuta kaso sananne, a cire zaɓin karɓar uwar kuɗi, a tabbatar hannun jarin da za ta koma na gama-gari ne, domin a yadda aka tsara ta mai fifiko take komawa. Wasu masu kuɗin za su ƙi, wannan a sani tun yanzu. Kuma a kai takardar gaban lauya da malami tare, domin an rubuta ta ne bisa dokar Amurka, mu kuwa Dokar Kamfanoni ta Ghana ta 2019 ce take kanmu.