Rabe-Raben Ilmi da Sarrafa Shi: Sharhi a Kan Ra'in Nonaka da Takeuchi ta Fuskar Bakolori

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne auna wani ra'i da ya shahara a fagen nazarin tafiyar da ma'aikatu, a kan ma'aunin abin da ya faru a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Michael Polanyi, a littafinsa na 1966, ya nuna cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa yawa. A kan wannan ne Nonaka da Takeuchi suka ɗora nasu bayanin a 1995, inda suka kasa ilmi gida biyu: bayyanannen ilmi, watau wanda ake rubutawa a taskace, da ɓoyayyen ilmi, wanda ke ƙunshe cikin ƙwarewa da sabo. A ganinsu, ma'aikata tana ci gaba ne idan tana juya ɗaya zuwa ɗaya.

2.0 Misalin Bakolori

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuma ita ce mai aikin. Ta fuskar bayyanannen ilmi, hukumar ba ta rasa kome ba: akwai taswira da awon ƙasa da lissafin injiniyoyi.

Amma akwai wani ilmin wanda bai shiga fayil ba. Manomin fadama ya san lokacin da ambaliya ke zuwa da inda take kwanciya, da irin shinkafar da ta dace da kowane wuri. Mai unguwa da dattawa sun san iyakar kowace gona, sun san ta gado da ta aro da ta jingina. Da aka baje ƙasa domin noman rani, alamomin iyakoki suka ɓace, mayar wa kowa gonarsa da biyan diyya suka zama rigima. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu, aka yi asarar rayuka da dama. Daɗin daɗawa, binciken W. M. Adams ya nuna cewa raguwar ambaliya a ƙasan madatsar ta rage noman shinkafa da kamun kifi.

3.0 Inda Ra'in Ya Gaza

Babu shakka rabon nan biyu ya taimaka wajen gane abin da aka rasa. Sai dai mawallafan sun gina ra'insu a kan kamfanonin Japan, inda mai ɓoyayyen ilmi ma'aikaci ne na cikin gida, wanda ake so a ji ta bakinsa. A Bakolori kuwa masu ilmin suna waje, ba su da kujera a wurin shawara. Na biyu, yawancin abin da manoma suka sani ba ɓoyayye ba ne. Da an tambaye su da sun faɗa. Har ila yau, rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a bi a hankali da ƙaramin aiki, ga shi a rubuce, amma aka tsallake shi. Ashe rubuta ilmi bai isa ya sa a yi aiki da shi ba. Ra'in ya yi shiru a kan wanda ke da ikon cewa wannan ilmi ne, wancan kuwa surutun ƙauye.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ganin duk nazarin da za a yi kan sarrafa ilmi a hukumominmu ya kamata ya fara da tambayoyi biyu: a hannun wa ilmin yake, kuma wace ƙofa aka buɗe masa? Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wuri ne da ya dace manazarta su gwada waɗannan tambayoyi.