Littafin Fitowa: A Wane Gefe Muke Tsaye?

A ajin baftisma da nake koyarwa a nan Zangon Kumasi, babu labarin da ke shiga zuciyar masu koyo kamar na Fitowa. Fir'auna ya ɗora wa Isra'ilawa aikin tubali, Ubangiji kuwa ya ji kukansu, ya aiko Musa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san Annabi Musa da Fir'auna sarai. Amma akwai kuskure cikin yadda muke karanta littafin nan: kullum mu ne Isra'ila, Fir'auna kuwa wani ne dabam.

Tarihin Zango bai yarda da wannan ba. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro zuwa Salaga, inda ake musayar goron Asante da kaya iri iri, har da mutane. Waɗansunsu an sayar da su, waɗansu kuma su ne suka saya. Rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Legas a 1863, yawancinta bayi ne da suka gudu, ita ce kuma ta taya Turawa yaƙar Asante a 1874. A shekarar nan aka haramta bauta a Gold Coast, amma a Asante sai a 1908. Ashe jinin bawa da na ubangijinsa duka suna gudana a jikinmu.

Ƙarfin littafin yana nan: bai tsaya a bakin Bahar Maliya ba. Bayan ƙetarewa sai shari'a ta biyo. Sura 21 ta umarta a saki bawa Ba'ibrane a shekara ta bakwai. Sura 22 da 23 sun hana zaluntar baƙo, dalili kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Har yau Yahudawa suna kiyaye Idin Ƙetarewa kowace shekara, ƙaramin yaro ya yi tambaya, manya su ba da labarin. Tunawar ba ta fahariya ba ce, linzami ce ga wanda ya sami 'yanci, kada ya zama Fir'auna.

To, mu fa? Ku dubi 'yan matan arewa masu dako a kasuwar Kejetia, waɗanda ake kira kayayei, suna kwana a bakin shaguna. Ghana ta yi dokar hana fataucin mutane a 2005, amma doka ba ta leƙa ɗakin girki. Na san gidan masu bi inda yarinyar da aka kawo daga ƙauye ke wanki ran Lahadi, sa'ad da 'ya'yan gidan ke rera waƙar fansa a majami'a.

Kafin mu matso teburin Jibin Ubangiji, wanda Yesu ya kafa a lokacin idin nan, bari kowa ya tambayi kansa: wa ke yi mini tubali, nawa kuma nake biyansa?