Ma'ii na Nabaho: Ko Daidai Ne a Kira Shi Gizon Amurka?

Tun daga 1956, sa'ad da Paul Radin ya buga littafinsa The Trickster a kan labarun ƙabilar Winnebago, masu nazarin adabin baka suka saba tara dukan mayaudaran tatsuniyoyin duniya cikin zaure guda. Suka zaunar da Gizo kusa da Ananse na Asante, suka kawo Zomo, sa'an nan suka jawo koyoti na Amurka, suka ce duk 'yan gida ɗaya ne. Wannan hanya tana da daɗi ga malamin da ke gaban aji, gama tana rage masa wahalar bayani. Amma labarun Nabaho, watau mutanen da ke kiran kansu Dine, mazauna Arizona da Niyu Meksiko da Yuta, sun ƙi zama inda aka ajiye su.

Shi koyoti dabba ce dangin kare, siffarsa kusa da ta dila. Nabaho suna ce masa Ma'ii. Wanda ya fassara sunan da dila ya ɓad da mai karatu tun daga farko, don dila a wurin Bahaushe malamin daji ne, mai tunani kafin aiki, Ma'ii kuwa gaggawa ce ke cinsa. A wani labari ya ga tsuntsaye suna jefa idanunsu sama suna cafewa, ya nace sai an koya masa, ya wuce iyaka har idanun suka maƙale a bishiya, aka yi masa waɗansu da ƙaro. Shi ya sa idon koyoti rawaya ne. Iyakar nan dai ya yi kama da Gizo: ga haɗama, ga rashin kunya.

Bambancin yana fitowa ne cikin labarin asalin duniya, wanda Washington Matthews ya buga a 1897 cikin Navaho Legends, Paul Zolbrod kuma ya sāke fassarawa a 1984. A nan Ma'ii yana tare da Mutum na Farko da Mace ta Farko. Shi ya sace 'ya'yan dodon ruwa, ambaliya ta kori jama'a daga duniyar ƙasa, suka hauro wannan. Ana cikin jera taurari ɗaya-ɗaya bisa tsari, haƙurinsa ya ƙare, ya fizge sauran ya watsa su sama. Da aka nemi sanin ko mutane za su dawwama, ya jefa dutse cikin ruwa, ya ce in ya nutse za a riƙa mutuwa. Dutse ya nutse. Aka yi fushi da shi, ya ba da hujja cewa in ba a mutuwa ƙasa za ta cika har a rasa wurin noma. To, ina aka taɓa jin Gizo ya yanke irin wannan hukunci? Ɓarnar Gizo ba ta wuce rumbun sarki da tukunyar Ƙoƙi ba, kuma da an ce ƙurungus magana ta ƙare. Ɓarnar Ma'ii kuwa, a ganin Nabaho, cikinta a ke zaune har yau.

Nan ne raunin sharhin da C. G. Jung ya haɗa cikin littafin Radin, inda ya ɗauki mayaudari a matsayin saurar ƙuruciyar hankalin ɗan Adam. Rayuwar Nabaho ta dogara ga abin da su ke kira hozho, watau daidaito da lafiya da kyau a haɗe. Ma'ii shi ne mai ƙetare iyaka, ta haka kuwa a ke gane inda iyakar ta ke. Wannan aikin tunani ne na manya. Har akwai hidimar warkarwa ta dare tara a kan cutar da a ke danganawa da shi, wadda Karl Luckert ya halarta a 1974, ya buga bayaninta a 1979.

Wanda ya fi kowa koyon wannan darasi da wuya shi ne Barre Toelken. Ya yi shekaru yana ɗaukar muryar wani dattijo, Yellowman, ya rubuta maƙala a 1969 a kan salonsa. Ya lura yara suna dariya, amma dattijon ya ƙi yarda cewa labarun na ban dariya ne: halin Ma'ii a ke wa dariya, labarin kansa magani ne. Ba a kuwa faɗinsu sai da hunturu, daga saukar sanyin farko zuwa tsawar farko. Hanin yin tatsuniya da rana a ƙasar Hausa bai kai wannan nauyi ba ko kusa. Da Toelken ya matsa da yayyanka labarun kashi-kashi don nazari, wani mai hidimar warkarwa ya gargaɗe shi cewa raba kalmomin nan da juna hanyar mayu ce, kuma mai binta ya kan yi hasarar wani nasa. Ya bar wannan fanni na binciken. Bayan rasuwar Yellowman ya mai da faifan ga iyalinsa maimakon ya ajiye su a ma'adanar jami'a, inda wani zai iya kunna su da bazara. Ya bayyana dalilinsa a 1998, masana kuma suka rarrabu a kai.

Malaman kwalejin horo da ke son kwatanta Gizo da takwarorinsa suna iya ɗaukar labarin idanu, ba laifi. Amma kafin a sa labarin taurari ko na dutse cikin littafin aji, ya kamata a gaya wa ɗalibai cewa masu labarin ba su ɗauke shi tatsuniya ba, kuma suna da watannin da ba su yarda a faɗe shi.