3.4 Kalmomin Tsarki da Tunawa a Jawabin Getisbag

A wannan sashe za a duba wasu kalmomin Ingilishi guda uku waɗanda masu fassara kan haɗe su wuri ɗaya, su ba su ma'anar "tsarkakewa". Kalmomin su ne dedicate da consecrate da hallow. Shugaban Amurka Abraham Linkon ya jero su a jimla ɗaya cikin jawabin da ya yi ranar 19 ga Nuwamba, 1863, wajen buɗe maƙabartar sojojin da suka mutu a yaƙin Getisbag. Abin da yake nufi shi ne, masu rai ba su isa su ƙara wa filin daraja ba, domin waɗanda suka yi yaƙi a kansa sun riga sun yi hakan.

Idan aka lura, jerin hawa-hawa ne. Kalmar dedicate daga Latin ta fito, kuma aikin ɗan'adam ce, wato a tara jama'a a shelanta cewa an ware wuri saboda wani ko wani abu. Ita ma consecrate daga Latin take, tushenta ɗaya da sacred, amma ta fi ta farko nauyi, don tana nufin keɓe abu ga Ubangiji ta hanyar ibada, kamar yadda ake yi wa sabuwar majami'a. Hallow kuwa tsohuwar kalmar Ingilishi ce, 'yar'uwar holy, kuma dukkansu dangin whole da heal ne. Ke nan asalinta yana da alaƙa da cika da lafiya, ba da wanki ba.

A nan ne kalmar "tsarki" take gazawa. Gaskiya ne ana cewa Littafi Mai Tsarki da ƙasa mai tsarki, amma a bakin Bahaushe tsarki kishiyar najasa ne, shi ake yi kafin alwala. Mai fassarar da ya ce an tsarkake filin daga ya sa mai sauraro ya ɗauka jinin sojojin ƙazanta ne da aka wanke, alhali Linkon sadaukarwarsu yake ganin ta ɗaukaka wurin. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, juya ma'ana ce gaba ɗaya.

Binciken nan yana ganin Hausa ba ta rasa kalmomin da za su riƙe matakan uku. Ana iya amfani da "keɓewa" ga ta farko, "mayar da wuri hurumi" ga ta biyu, sannan "ba shi alfarma" ga ta uku, kamar yadda ake cewa watanni masu alfarma.

Kalmomin tunawa ba su kai haka wahala ba. Sai dai a kula, remember aikin zuciyar mutum ɗaya ce, commemorate kuwa tunawa ce ta taro, irin wadda ake yi wa 'yan mazan jiya a Nijeriya kowace ranar 15 ga Janairu.